Ɗaukar Hoton Tsofaffin Motoci a Filin Baje Koli: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa shiga filin da aka jera tsofaffin motoci da kyamara rataye a wuya ya san yadda abin yake. A ido, mota tana sheƙi kamar yau aka ƙera ta. Ka koma gida ka buɗe hotuna, sai ka tarar da ƙafafun mutane a jikin ƙofa, ga rumfa ta kwanta a kan bonet, ga ka nan kai ma a tsugune cikin bamba, kanka ya yi ƙato kamar tulu. Dalilin guda ne: motar da aka goge madubi ce. Duk abin da ke kewaye da ita yana jikinta, kuma shi kyamara take kwasowa. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Wace irin mota ake nufi da tsohuwar mota a wajen irin wannan taro?

Ya danganta da masu shirya taron. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci na ƙasashe da dama, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, kuma an adana ta yadda aka ƙera ta. Wasu tarukan sun fi haka tsanani. Jerin gwanon da ake yi daga Landan zuwa Brighton a farkon Nuwamba ba ya karɓar mota sai wadda aka ƙera kafin 1905. Ga mai hoto dai, abin da ya haɗa su shi ne lanƙwasar jiki, da ƙarfe mai walƙiya a bamba da bakin fitilu, da fenti mai zurfi. Su ne kyansu, su ne kuma ciwon kanka.

Ƙarfe nawa ya kamata in isa?

Da sanyin safiya ake kama fara. Ka isa kafin a buɗe wa jama'a ƙofa idan an yarda, ko kuma ka zama cikin na farkon shiga. Riba uku ce a ciki. Haske yana da laushi, rana tana ƙasa, tana shafar gefen mota tana fito da layukan jikinta. Filin bai cika ba tukuna. Sannan masu motocin suna isowa, suna sauke su daga tirela, suna goge raɓa, suna hira da juna, kuma hotunan da ake samu a wannan sa'a sun fi na motar da ke tsaye shiru bayan igiya rai nesa ba kusa ba.

A taron Pebble Beach na jihar Kalifoniya, wanda aka fara a 1950 kuma ake yi duk watan Agusta a filin wasan golf da ke bakin teku, mutane sukan yi sammako tun duhun asuba domin kawai su ga shigowar motoci fili ɗaya bayan ɗaya. Ba banza suke barin barcinsu ba.

Kada kuma ka yi gaggawar tafiya da yamma. Lokacin da taro ya fara watsewa, makwabtan motar da kake so sukan tafi su bar ta ita kaɗai, ga hasken la'asar sakaliya. Da yawa sun riga sun gaji sun tafi, sun bar maka fili.

To idan ban samu zuwa ba sai da rana ta take fa?

Nan ne wahalar take, kuma gaskiya yawancin taruka a wannan lokacin suke cika. Rana a tsakar ka tana ƙona rufi da bonet su yi fari fat, ƙasan mota kuma ya yi baƙi ƙirin, tayoyi su ɓace cikin inuwa. Kada ka yi faɗa da ita. Ka bar ɗaukar mota gaba ɗayanta, ka koma kan ƙananan abubuwa: tambari, sitiyari, agogunan dashbod, hannun ƙofa. Ka nemi motocin da aka ajiye ƙarƙashin cikakkiyar inuwa. Amma ka guji inuwar bishiya mai ramuka, wadda take yi wa mota dabbare-dabbare kamar damisa. Babu gyaran kwamfuta da zai cire wannan cikin sauƙi.

Idan akwai gizagizai suna yawo, ka shirya hotonka, ka tsaya, ka jira ɗaya ya rufe rana. Daƙiƙa goma sun ishe ka. Ranar da gari ya lumshe gaba ɗaya kuwa, 'yan kallo suna ƙorafi, mai hoto yana murna a ransa, domin sama duka ta zame masa fitila guda mai faɗi, fenti ya fito da ainihin launinsa.

Wane lensi ya fi dacewa?

Sabon shiga yakan ɗauko mai faɗin gani, saboda wuri ya matse kuma yana son mota ta shiga duka. Matsalar ita ce dole ka matso kusa, kuma idan ka matso, abin da ya fi kusa da kai sai ya kumbura: fitila ta yi girman kwano, bayan mota ya tsuke kamar wutsiya. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Janiba a 1961, dogon bonet ɗinta shi ne sunanta. Ka ɗauke ta daga kusa da lensi mai milimita 16, sai ka mai da ita abin dariya.

Tsakanin milimita 50 da 85 a kyamara mai cikakken firam, wato mai babban sensa, shi ne wurin da mota take fitowa da siffar da mai zanenta ya nufa. Idan akwai sarari, mai zuƙowa daga 70 zuwa 200 ya fi, domin yana taƙaita abin da ke bayan mota, ya narkar da shi. Illarsa ita ce tazarar da ke tsakaninka da motar hanya ce, mutane za su yi ta ratsawa. Idan lensi ɗaya kawai zan ɗauka, mai 24 zuwa 70 zan ɗauka, in riƙa zama wajen 50 zuwa sama sai dole.

Daga ina zan tsaya?

Hoton da aka fi sani shi ne na kusurwar gaba, inda ake ganin fuskar mota da gefenta a lokaci guda. Yana aiki, shi ya sa kowa yake yin sa. Abin da yake bambanta na gwani da na ɗan kallo shi ne tsayi. Kowa yana ganin mota daga tsaye, don haka hoton da aka ɗauka daga tsaye ba ya gaya wa kowa sabon abu. Ka durƙusa har kyamara ta zo daidai fitilar gaba. Nan take mota za ta yi kwarjini, kuma jikinta zai rufe maka rabin tarkacen da ke bayanta.

Amma kowace mota da inda kyanta yake, kuma sanin motar ya fi sanin kyamara amfani a nan. Cadillac ta 1959 daga baya ake ɗaukarta, saboda fika-fikan nan nata masu tsini da jajayen fitilu biyu-biyu. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 ba a gama ganinta ba sai ƙofofinta sun ɗaga sama kamar tsuntsu zai tashi. Citroën DS, wadda ta girgiza baje kolin Faris a 1955, takan sauka ta kusa kwanciya a ƙasa idan ta jima a kashe, saboda matsin ruwa da iska ne ke ɗauke da ita, kuma cikakken gefenta shi ne abin ɗauka. Volkswagen Beetle da Porsche 911 injinsu a baya yake. Kada ka tsaya a gaba kana jiran a buɗe maka inji.

Kafin ka danna, ka bi gefunan hoton da ido. Sandar fitila da ta tsiro daga rufin mota, kwandon shara kusa da taya, kujerar mai mota, duk mataki ɗaya zuwa hagu ko dama yakan kawar da su. Ka bar wa motar ɗan fili a gabanta, kada hancinta ya dunguri bakin hoto. Kada kuma ka yanke tayoyi.

Yaya zan yi da ƙyalli da hotunan abubuwa da ke fitowa a jikin fenti da gilashi?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Abu na farko da za ka saya, tun kafin sabon lensi, shi ne filtar nan mai juyawa da ake kira CPL. Ana ɗaura ta a bakin lensi, kana murza ta kana leƙawa, sai ka ga ƙyallin gilashin gaba yana dushewa har kujeru su bayyana, fenti kuma ya ƙara zurfi. Sirrinta shi ne hasken da ya daki gilashi ko fenti ya dawo yakan daidaita ta fuska ɗaya, ita kuma filtar tana tare wannan fuskar.

Sai dai tana da iyaka, kuma gara ka san ta tun yanzu. Ba ta yin komai a kan tsiraicin ƙarfe, don haka bamba mai walƙiya za ta ci gaba da nuna duk abin da ke gabanta. Ta fi ƙarfi idan kana kallon farfajiyar a karkace, kusan digiri 35 daga shimfiɗarta. Idan ka fuskanci ƙofa kai tsaye, da kyar za ka ga bambanci. Ba ta iya share gilashin gaba da gefen mota a murɗa ɗaya, sai ka zaɓi wanda ya fi damunka, ko ka kafa kyamara a kan ƙafa uku ka ɗauki biyu ka haɗa daga baya. Tana cin haske, tsakanin mataki ɗaya da biyu, wato ta rage shi zuwa rabi ko kwata, domin a lissafin kyamara kowane mataki ninki ne ko rabi. Wani lokacin ma takan fito da wasu tabo-tabo a gilashin gefe ko na baya, waɗanda ido ba ya gani. Ba datti ba ne, alamar yadda aka gasa gilashin ce.

Ga ra'ayina kuma: kada ka kashe ƙyalli duka. Motar da aka share wa duk wani sheƙi takan koma kamar ta roba. Layin haske guda mai tsabta da ya bi gefen mota daga fitila zuwa wutsiya shi ne yake gaya wa ido yadda ƙarfen ya lanƙwasa. Abin da kake yaƙi da shi shi ne hargitsi: rumfuna, alluna, mutum mai jar riga. Ka zagaya har ka samu inda sama ko ciyawa kaɗai ke jikin motar.

Kai kanka fa? Ka sa tufafi masu duhu marasa rubutu, ka ja baya ka zuƙo. Gwargwadon nisanka, gwargwadon ƙanƙantarka a cikin bamba.

Mutane sun hana ni sakat. Akwai dabara?

Akwai, amma mafi girmanta haƙuri ne. Jama'a tafiyar igiyar ruwa suke yi, su taru, su watse. Ka zaɓi wurinka, ka daidaita komai, ka ɗora ido a kyamara ka jira. Sau da yawa cikin minti biyu ko uku gibi zai samu, kuma ba ya wuce ƙiftawar ido. Wanda sai gibin ya zo zai fara saiti, ya rasa shi.

Masu ƙafa uku suna da hanyoyi biyu. Ko su ɗauki hotuna da yawa ba tare da kyamara ta motsa ba, su haɗa su a kwamfuta, kowane sashe a ɗauko shi daga hoton da babu kowa a wurin. Ko su sa filta mai duhu sosai, irin mai rage haske mataki goma, su bar kyamara a buɗe na daƙiƙu da yawa, masu wucewa su zama hayaƙi. Mai tsayawa yana karanta allo dai ba zai ɓace ba. Ka kuma tambaya tukuna, domin wasu tarukan ba sa barin a kafa ƙafa uku a cikin cunkoso, kuma suna da hujja: ƙafa ɗaya ta zame ta faɗa kan ƙofar wani, magana ta ƙare.

Kada ka daka wa kowa tsawa ya kauce. Shi ma kallo ya zo. Wani lokacin ma mutumin shi ne hoton: dattijon da ya sunkuya yana leƙen sitiyari irin na motar da ya koyi tuƙi da ita, ko yaron da ya ga fuskarsa ta miƙe a jikin murfin taya. A Goodwood Revival na Ingila, wanda aka fara a 1998, 'yan kallo da kansu sukan yi shigar shekarun 1948 zuwa 1966, zamanin da ake tsere a wannan fili. A can, cire mutane daga hoto asara ce.

Me ya sa baƙar mota take fitowa toka-toka, fara kuma ta yi duhu?

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. Idan baƙar mota ta cika hoto, sai ya ƙara haske. Idan fara ce, sai ya rage. Kai za ka gyara masa: ka rage kusan mataki ɗaya ga baƙa, ka ƙara kaɗan ga fara, kana duba jadawalin haske (histogram, zanen da ke nuna yawan duhu da haske a hoton) a bayan kyamara, domin allo a cikin rana maƙaryaci ne. Jar mota kuma tana da nata halin. Jan yakan cika ya tumbatsa tun sauran launuka ba su kai ko'ina ba, sai ƙofa ta zama jan faci babu lanƙwasa. Ka rage haske kaɗan, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda ya fi karɓar gyara.

Wane saiti zan fara da shi?

ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙofar hasken lensi a f/8 idan kana son mota duka ta fito tar daga bamba zuwa bamba, ka sa fokos a fitilar da ta fi kusa da kai. Ga ƙananan abubuwa, ka ƙara buɗe ƙofar zuwa f/2.8 ko f/4. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/125 na daƙiƙa idan a hannu kake riƙe da ita, ya fi haka idan ka zuƙo da nisa. Shi ke nan.

Waya kaɗai gare ni. Zan samu abin kirki?

Ƙwarai kuwa. Babban lensin waya mai faɗin gani ne, don haka ka koma na 2x ko 3x, ka ja baya. Ka juya wayar kanta ƙasa yadda lensin zai kusanci ciyawa, za ka samu kusurwar da mai babbar kyamara sai ya kwanta rub da ciki zai samu. Ka goge lensin, domin maiƙon yatsa ne ke sa ƙyallin ƙarfe ya yi jela. Ka taɓa jikin motar a allo, ka ja haske ƙasa kaɗan. Tsarin nan da yake narkar da baya da dabarar manhaja yakan cinye eriya da madubin gefe da wayoyin taya, gara ka kashe shi.

Inji da cikin mota fa?

Ɗakin inji rami ne mai duhu kewaye da rana. Ka matso har sama ta fita daga hoton, ka auna haske a kan injin kansa. Ɗan filashi mai rauni ko farin kwali da zai mayar da haske ciki yana taimakawa. Kada ka ce sai ka ɗauki komai. Jerin kafireto, ko murfin lagireto, ko rubutun da aka zuba a jikin ƙarfe ya fi tarin wayoyi faɗar magana.

Ciki kuwa, idan taga a buɗe take, ka ɗauka daga bakinta ba tare da ka zura kai ko gwiwar hannu ba. Idan a rufe take, filtar CPL da kusurwa su ne abokanka. Kada ka manna lensi a gilashin motar mutane.

Kan bonet ma akwai duniya guda. 'Yar mutum-mutumin da ke hancin Rolls-Royce tun 1911 take wurin, kuma motocin shekarun 1920 da 1930 da dama suna da irin nasu. Ka sa sama ko fentin motar ya zama bayanta. Wata dabara mai rage wahala: bayan kowace mota, ka ɗauki allon bayaninta. Idan ka dawo da hoto ɗari huɗu, ba za ka tuna wace ce ta 1956 wace ce ta 1957 ba, kuma masu motocin ba sa yafe wannan kuskure.

Zan iya taɓa mota, ko in rufe bonet don hoto ya yi kyau?

A'a. Ko da yatsa ɗaya. Wani ya shafe shekaru yana gyaran motar nan, wani kuma fentinta na asali ne, wanda idan ya karce ba shi da madadi. Hatsarin ma ba daga hannu ya fi zuwa ba, daga abin da ka manta kana ɗauke da shi ne: kan bel, zik ɗin riga, jakar baya idan ka juya, kyamara ta biyu da take lilo idan ka sunkuya. Ka riƙe su a jikinka duk lokacin da za ka ratsa tsakanin motoci biyu.

Abin da ya halatta, kuma yake buɗe ƙofofi, shi ne magana. Ka gai da mai motar, ka tambaye shi labarinta, ka saurara da gaske. Mafi yawansu abin da ya kawo su ke nan. Bayan haka idan ka roƙa ya sauke bonet na minti ɗaya, ko ya cire takardar da ke gilashi, ko ya ɗan karya tayoyin gaba yadda fuskar wilin za ta kalli kyamara, da wuya ya ƙi. Idan alƙalai suna zagaye ana duba motoci, ka bar shi tukuna, hankalinsa ba ya wurinka. In ka yi alkawarin tura masa hoto, ka tura.

Yaya ake ɗaukar mota tana tafiya, baya ya yi zane-zane?

Ka sauke saurin ɗauka zuwa wajen 1/60, ka kafa ƙafafunka, ka bi motar da kyamara daga ƙugu, kana dannawa ba tare da ka tsaya ba har ta wuce. Motocin baje koli a hankali suke tafiya, don haka wataƙila sai ka sauka zuwa 1/30 kafin tayoyi su nuna suna juyawa. Yawancin hotunan za su lalace, haka abin yake ga kowa. Ƙofar shiga da safe da ƙofar fita da yamma su ne wuraren gwadawa.

Ya halatta in wallafa hotunan? Lambar mota fa?

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma taron da aka yi a fili mai zaman kansa yana da nasa sharuɗɗan, waɗanda galibi suke jikin tikiti. Wallafawa don sha'awa daban, sayarwa ko talla daban. Na biyun yakan buƙaci izini. Rufe lamba ladabi ne mai kyau, musamman ga mota mai tsada, sai dai in mai ita ya ce a bari. Yara kuma a nemi yardar iyayensu. Jirgi marar matuƙi kada ma ka fito da shi sai da izini a rubuce.

Gyara nawa ya dace a yi wa hoto a kwamfuta?

Ka miƙar da hoton, ka sauke wuraren da suka ƙone, ka ɗaga inuwar tayoyi kaɗan, ka share ƙura da guntun takarda a ciyawa. Launi kuwa ka bar shi yadda yake. Masu tsofaffin motoci sun san fentinsu da suna da lamba, kuma idan koren motar mutum ya koma shuɗi a hotonka, shi zai fara gani.

Haka tsatsa da tsagewar fata da dushewar fenti. Ba kowace tsohuwar mota ake so ta koma sabuwa ba. Akwai rukuni guda na motocin da darajarsu ita ce ba a taɓa sabunta su ba. A 2024 wata Bugatti Type 59 ta 1934 daga wannan rukuni ta lashe babbar kyautar Pebble Beach, karo na farko da irinta ta yi hakan. Wanda ya goge tabon irin wannan mota a kwamfuta ya goge abin da aka zo gani.

Idan ruwan sama ya sauko, in tattara in tafi?

Ka rufe kyamara da leda, ka fake, ka jira ya tsagaita. Jama'a za su ragu, kwalta za ta jiƙe ta riƙa nuna motoci a kife, ɗigon ruwa zai jeru a kan bonet ɗin da aka sha shafa wa man goge. Ka yi sauri dai, domin da an ɗauke ruwa masu motoci za su fito da tsummansu, kuma cikin minti biyar sun share komai. Ka ajiye ƙyalle busasshe a aljihu saboda bakin lensi, kada kuma ka canza lensi sai ka shiga ƙarƙashin rumfa.